Yadda Na Daina Farke Ɗinkin Mutane da Dare

Assalamu alaikum. Ni 'yar cikin birnin Zariya ce, cikin ganuwa aka haife ni, nan na yi aure, kuma sana'ata ɗinkin hannu: aikin babbar riga, kaftani, da hula in ta kama. Akwai matan aure da 'yan mata da zawarawa da muke aiki tare. Ni ke karɓo aikin in raba, in duba, in mayar wa masu shi, in kawo wa kowa haƙƙinta. Na ga ya kamata in ba da labarina saboda na san akwai masu fama da irin ciwon da na daɗe da shi, ciwon da ake yaba wa mai shi maimakon a yi masa sannu. Sai ka ji ana cewa "ai wance ba ta wasa da aiki," alhali ita kaɗai ta san tsoro ne ke cin ta.

Ɗinki a gidanmu gado ne. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, yana cikin dattawan da ke zama a zaure da riga a kan cinya tun hantsi har la'asar. A zamaninsu aikin riga na maza ne. Sai da keken aiki ya yawaita, samari suka koma kansa, wasu kuma boko da aikin gwamnati suka ɗauke su, sannan aikin hannu ya shigo cikin gida ya faɗo hannun mata. A tsakiyar wannan canji na taso, cikin shekarun 1980. Yayyena maza babu wanda ya zauna kan sana'ar, sai Baba ya jawo ni. Shi ya nuna mini yadda ake bin zanen mai zane ba tare da an kauce ba, yadda askakin aska takwas, wato zanen aikin riga mai siffar aska, ke gangarowa a kan aljihu kowace da tsininta, yadda ake zagaya tambari na ƙirji da na baya, da bambancin aska biyu da malum-malum. A hannunsa na san zaren tsamiya, wanda ake samu daga saƙar tsutsa, a dafa shi da toka, a kaɗa shi, mai wuyar sha'ani ga wanda bai saba ba.

Baba bai taɓa duka na a kan ɗinki ba, bai kuma taɓa yi mini tsawa ba. In na kawo masa aiki, juya rigar yake yi ya duba bayanta, don a wurinsa bayan aiki ne ke nuna maɗinki. In ya ga inda zare ya yi sako-sako ko tsinin aska ya karkace, sai ya ciro reza daga gwangwanin allurarsa ya farke wurin, ya ce, "Rigar nan gaban Sarki za ta." Yana da hujjarsa. Yawancin masu kawo masa aiki mutanen fada ne, rigunan da za a sa ranar hawan Sallah da hawan Daushe, inda idon gari duka ke kan mahaya. Sunan da ya yi shi ke ciyar da gidanmu. Amma ni yarinya ce, abin da zuciyata ta ɗauka daban. Na ɗauka ranar da aikina ya fita babu aibu ranar ce nake da daraja, ranar da aka ciro reza kuwa ni ba kowa ba ce.

Yakan kuma ba mu labarin Babban Gwani, Malam Mika'ilu, maginin da ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu. Kowane ɗan birni ya ji labarin bakan gizon masallacin nan na ƙasa, kuma a cikin abin da ake faɗa da baki har da cewa da dare yake aikinsa, ba mai ganin yadda yake yi, sai dai a wayi gari a ga gini. Wannan ɓangaren ne ya zauna mini a rai. Na taso da tunanin cewa gwani shi ne wanda ba a taɓa ganin wahalarsa ko gyaransa, sai dai a ga abu ya fito cif.

Bayan na yi aure na ci gaba da ɗinki a ɗakina. A hankali aiki ya fi ƙarfina, musamman da wani dillali da ke kai riguna Kano ya fara kawo mini shadda da yawa a lokaci guda. Na fara raba wa maƙwabta. Wata tana neman na cefane, wata tana tara wa 'yarta kayan ɗaki, wata mijinta ya rasu ya bar mata marayu. Ban nemi shugabanci ba, tashi kawai na yi na ga mata suna jiran abin da zan ce.

A nan ciwon ya samu wurin zama. In mace ta kawo aikinta, sai in karɓa da fara'a in ce, "Sannu da ƙoƙari, ya yi kyau," don ba na iya duban idon babbar mace in ce ta gyara. Tana fita zan juya rigar. In dare ya yi, yara sun kwanta, sai in kunna fitila in ciro reza. Wani lokaci kuskure ne na gaske. Sau da yawa kuwa ba komai ba ne illa hannunta ba irin nawa ba ne: ita tana jan zare da ɗan sassauci, ni ina tsukewa. In farke, in sake, har a kira assalatu. Da safe in biya ta kuɗinta cikakke, ina jin na rufa mata asiri na kuma rufa wa kaina.

Shekaru na yi a haka, kuma abin bai tsaya kan riga ba. Aiki ya riƙa makara, mai riga kuwa ba ya cika kuɗi sai ya karɓi kayansa, don haka ladan matan ma ya riƙa makara. Manyan ayyuka sun zo na mayar, ina cewa ba mu da hannu, alhali hannuwa na nan birjik, nawa ne guda biyu ba za su iya bin bayan kowa ba. Idona ya fara yaji. Yarana suka koyi tafiya da sanɗa in suka ga riga a cinyata. Daga baya abin ya bi ni har kan sallaya: in yi alwala in sake, in tayar da kabbara in yanke don ban tabbata niyyata ta yi daidai ba. Bakina ya saba gaya wa wasu cewa mutum tara yake bai cika goma ba, amma ban taɓa yarda maganar ta shafe ni ba.

Akwai kuma abin da ko maigidana bai sani ba. Ina zane. Tun ina budurwa nake cika littattafan rubutu na 'yan makaranta da zanen aiki na kaina. Ina ɗauko dagi in haɗa shi da irin zanen da ake yi a fuskar tsofaffin gidajen birni da na Tudun Wada, wani lokaci in shigo da lanƙwasar zanen lalle. Ina hango su a bakin mayafi, a wuyan doguwar rigar mata, a jaka. Ko ɗaya ban taɓa ɗorawa a kan ƙyalle ba. Duk wanda na gama sai in ga wani wuri bai zauna ba, in ce sai na gyara, in tura littafin ƙasan akwati. Gaskiyar maganar ita ce muddin zanen yana cikin akwati babu mai cewa bai yi ba.

A watan Maris na 2020 aka sa dokar kulle a Jihar Kaduna saboda korona. Kasuwa ta tsaya, biki ya tsaya, ba a yi hawan Sallah ba. Cikin Satumba Allah Ya yi wa Sarkin Zazzau Shehu Idris rasuwa bayan shekara 45 a kan gado, a watan Oktoba aka ba Ahmed Nuhu Bamalli sarautar. Da gari ya buɗe, aiki ya dawo gaba ɗaya kamar an ɓalle masa ƙofa: bukukuwan da aka ɗage, masu zuwa gaisuwa da mubaya'a, kowa yana son sabuwar riga. Matanmu sun sha wuya a watannin kulle, don haka na karɓi aiki fiye da yadda na saba, ciki har da rigunan wani ango da abokansa. Na ci gaba da halina na dare. Ana saura 'yan kwanaki ɗaurin aure jiri ya kwashe ni a tsakar gida. A asibiti aka ce jinina ya hau, likitan ido kuma ya ce in ajiye allura na wani lokaci in ba haka ba zan yi wa idon illar da ba ta gyaruwa. Rigunan angon matan ne suka ƙarasa su ba tare da na gani ba, aka kai.

Ina kwance wata dattijuwa a cikinmu ta zo duba ni. Sa'ar mahaifiyata ce, Goggo muke ce mata duka. Bayan ta yi mini sannu ta sallami yaran da ke ɗakin, ta gyara zama.

"'Yar nan, zan gaya miki magana, ki yi haƙuri da ita. Kina tsammani ba mu san hannunmu ba?"

Gabana ya faɗi. Na ce, "Goggo, wane hannu?"

"Wanda kike farkewa da dare. Tun ba yau ba muka sani. Mace ta yi mako uku a kan aska, ta zo ta ga ana ninke rigar, ta ga ba zarenta ba ne, kina jin ba za ta gane ba? Shiru muka yi don kunyarki. Kina biyanmu kuɗin aikin da kika zubar, ke a ganinki alheri ne. Mu sana'a muka zo yi wurinki ko sadaka muka zo karɓa?"

Ta kuma tuna mini da wata yarinya marainiya da ta daina zuwa karɓar aiki, wadda aka ce mini wai makaranta ce ta sha mata kai. Goggo ta ce ba makaranta ba ce. Yarinyar ta gaya wa kakarta cewa ita hannunta ba na ɗinki ba ne, tunda duk abin da ta yi sai an sake, kuma ba a taɓa gaya mata inda ta ɓata ba. Yarinyar nan kuwa, Allah Ya sani, ta fi ni hannu lokacin da nake shekarunta.

Na yi kuka ranar nan. Cikin kwanakin jinya, ba allura ba zare, na yi ta juya maganar, sai na tuno wani abu game da Baba da na shekara da shekaru ban lura da shi ba. Shi da rana yake farkewa, a gabana, ya nuna mini wurin da yatsa, sannan ya miƙo mini allurar in sake da hannuna. Da haka na iya. Ni rezar kawai na gada, na bar nunin da miƙa allurar, waɗanda su ne koyarwar.

Da na samu sauƙi na koma Islamiyyar matan aure da nake zuwa, na keɓe da malamarmu na gaya mata halin da nake ciki a sallah. Ban yi niyyar kawo zancen ɗinki ba, amma magana ta jawo magana. Ta ce, "Hajiya, ai kin karanta Ahalari." Na ce tun ina yarinya. Ta ce to in tuna yawan shafukan da aka ware wa ƙabli da ba'adi. Sallah ita ce mafi girman aikin da bawa ke yi da jikinsa, amma Wanda Ya wajabta ta Ya san za a yi mantuwa a cikinta, Ya kuma ajiye hanyar gyara tun kafin a yi. Ta buɗe mini inda aka yi maganar mai waswasi, cewa ya bar waswasin daga zuciyarsa, kada ya kawo abin da yake kokwanto a kansa, sai dai ya yi sujada bayan sallama. Wato shi maganinsa a hana shi sakewa.

Sannan ta ba ni hadisin Zul-Yadaini, wanda na sha ji amma ban taɓa saurarensa da kunnen mai jagorancin mutane ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ja sallah mai raka'a huɗu ya sallame a ta biyu. Sayyidina Abubakar da Sayyidina Umar suna cikin sahu, kwarjini ya hana su magana. Sai wani sahabi, Zul-Yadaini, ya tambaya ko an rage sallar ne ko mantuwa aka yi. Annabi ya tambayi jama'a ko gaskiya ne abin da ya faɗa, suka ce haka ne. Ya koma ya cika, ya yi sujada biyu. A gaban kowa aka yi tambayar, a gaban kowa aka yi gyaran, kuma babu abin da ya ragu daga darajarsa.

Ban sallama nan take ba. Na ce, "Malama, to ina hadisin da ya ce Allah Yana son in ɗayanku ya yi aiki ya kyautata shi?" Ta ce yana nan daram, amma in gaya mata: cika alkawarin ranar da na ɗiba wa mai riga ba ya cikin kyautata aiki? Biyan ma'aikaci kafin guminsa ya bushe fa? Koya wa wadda aka ba ni amanarta fa? Ta ce abin da shari'a ta hana shi ne algus, a ɓoye aibu a sayar. Ta ce in bambance tsakanin tsoron cutar da mai kaya da tsoron kada a ce wance ta gaza, don na farko taƙawa ne, na biyun kuwa in bincika zuciyata da kyau. Na bincika. Yawancin darena na biyun ne ya cinye su.

Abin da na fara yi shi ne na aika aka kira mini yarinyar nan, na nemi ta yafe mini, na gaya mata gaskiyar hannunta. Ba ta dawo a lokacin ba, sai bayan watanni. Sannan na tara matan na ce daga yau duba aiki da rana za a riƙa yi, a tsakar gidana, kowa na gani, har da nawa aikin a ciki. In akwai gyara, wadda ta ɗinka ita za ta riƙe rezar. Muka zauna muka yi ta muhawara a kan mene ne aibu. Zaren da zai warware in an wanke, aska da ta karkace har ido ya gani daga nesa, zare mai zuba, maiƙo a jikin shadda, waɗannan babu sassauci. Amma bambancin hannu, wannan ta tsuke wannan ta sassauta, muka ce a bar wa kowa nata. Muka kuma sa ranar kai riguna wurin masu bugu, in riga ta tafi bugu ta fita daga hannunmu ke nan, ko ni ban isa in ce a dawo da ita ba.

Kada wani ya ɗauka daga nan komai ya tafi sumul. Karon farko da aka kai kaya ban bi bayansu da reza ba, ban runtsa ba. Kuma an dawo da riga guda, mai ita ya ce wuyan bai zauna ba, kuma gaskiyarsa. Aka gyara da rana, na rage masa kuɗi, na ba shi haƙuri. Wani tsohon mai kawo mana aiki tun zamanin Baba ya ce shi hannuna yake biya ba hannun unguwa ba, ya ɗauke aikinsa, har yau bai dawo ba. Abin ya yi mini ciwo sosai, kuma ba zan ce bai da hujja ba. Amma cikin shekara guda na ga abin da ban gani ba a duk shekarun farke-farkena: hannun matan ya tashi. Wadda aka nuna wa kuskurenta sau ɗaya a gaban 'yan'uwanta, cikin mutunci, ba ta maimaita shi.

A farkon 2023, lokacin canjin kuɗi da takardar naira ta yi wuyar gani, na ga amfanin wannan zama ta wata fuskar. Masu riguna sai taransifa suke yi, yawancin matanmu kuwa ba su da asusun banki. Da a da ne, da na rufe ɗaki ina neman hanyar da ba ta da aibu har yunwa ta shiga gidaje. Sai na yanke shawara a ranar: na tura kuɗin wurin wani mai shago a unguwa, kowace ta je ta ɗebi kayan abinci gwargwadon ladanta. Bayan mako biyu wasu suka ce tsarin ya matse su, don akwai mai bukatar kuɗin magani da mai zubin adashi. Suka faɗa a gabana ba tare da jin nauyi ba, muka canza. Daɗin da na ji da suka iya buɗe baki ya fi zafin gyaran da aka yi mini.

Littattafan zanen kuwa autata ce ta tono su, tana neman wani tsohon mayafi a akwati. Tana karatu a Jami'ar Ahmadu Bello, Samaru, ta saba ganin ɗalibai suna baje aikinsu ana suka ana yabo. Ta ce, "Umma, wa ya yi waɗannan?" Na ce ta mayar, ba a gama su ba. Ta duba shekarar da ke jikin bangon wani littafin ta ce, "Umma, wannan fa ya girme ni." Ta zaɓi guda, ta sayo yadi da kuɗinta, ta ce ita za a yi wa. Na ɗinka mata a wuyan doguwar riga da bakin hannu, ina yi ina ganin wuraren da ba su zauna ba, na dai danne na ƙarasa. Ta sa ta ɗauki hoto ta ɗora a WhatsApp da Instagram. Ƙawayenta suka fara tambaya.

Wani dattijon maɗinki da ya gani ya ce wannan ba aikin Zazzau ba ne. Na girmama shi, ban mayar masa ba, amma ban yarda da shi ba. Aska takwas ɗin da muke taƙama da ita, akwai ranar da wani ya fara zana ta, kuma ban yi tsammanin ta fito masa daidai tun a karon farko ba. Cikin zanena akwai waɗanda suka karɓu har ake dawowa nema, akwai waɗanda muka ɗinka ba wanda ya taya, suna nan a ninke. Na koyi abu daga kowannensu wanda ba zan taɓa koya ba suna ƙasan akwati: wani zanen yana da kyau a takarda amma yana cin zare fiye da abin da mai saye zai biya, wani kuma sai an ɗora shi a jikin mutum yana tafiya sannan yake nuna kansa.

Har yanzu tsoron yana zuwa, ya fi matsa mini a goman ƙarshe na azumi in rigunan Sallah suka taru. In na ji hannuna yana ƙaiƙayin reza da dare, sai in ninke rigar in kai ta ɗakin autata in ce kada ta ba ni sai gari ya waye. Da safe mafi yawan abin da na gani da dare ba na ganinsa, wanda ya rage kuma mai aikin ce ke gyarawa. Ina shan maganin hawan jinina, ina sa tabarau, sallata kuma ta dawo sau ɗaya, in na yi kokwanto in yi ba'adi in tashi.

Yanzu kekunan aiki masu kwamfuta sun cika gari, suna gama riga cikin yini a kan kuɗin da bai kai namu ba, don haka dole mu nemi masu sayen da suka san darajar aikin hannu a wajen Zariya. Bana mun yanke cewa daga tsakiyar Sha'aban za mu rufe karɓar aikin Sallah. Zuwa Kano sayo shadda a Kantin Kwari da yin ciniki da dillalai kuwa na bar wa mutum biyu daga cikin matasanmu, ɗaya ita ce marainiyar nan, wadda yanzu ita ke fara duba aiki kafin ya iso gare ni. Na gaya musu iyakar farashin da za mu iya sauka, abin da ya wuce wannan su yanke da kansu a can, ba sai sun bugo mini waya ba.